Minti Ɗaya a Gaban Suruki

Likitan haƙori a Funtuwa ya leƙa bakina ya ce dasashina ya kumbura, wai ƙwayoyin cuta ne suka kafa sansani a dauɗar da ke manne a gindin haƙora, shi ya sa nake ganin jini a asuwaki. Ya kankare wadda ta riga ta daskare, don ita babu ruwan maganin da ke ɗaga ta, sannan ya rubuta mini maganin kurkure baki mai sinadarin kulohezidin. Mililita 10, safe da dare, a riƙe a baki minti ɗaya cur, kada a haɗiye. Kuma in yi nesa da shayi da goro, in ba haka ba haƙoran su rine. Na ce likita, mutumin Maska kake tsorata da rini? Mu da aka sani da saƙa da marina tun kaka da kakanni.

Jiya da safe na fito ƙofar gida da kwalbata, don uwargida ta ce warin yana tayar mata da zuciya. Na ɗura, na danna agogon waya, kumatu suka yi tim. Sai ga babur ya tsaya a gabana. Surukina ne. Mutumin da kan shekara bai tako layinmu ba saboda kunya, ga shi cikin farar shadda ta sha bugu, za shi ɗaurin aure Malumfashi, ya ratso ya ji ko an sami taki.

"Salamu alaikum."

Na zube na durƙusa. Har nan komai ya tafi daidai. Amma Turawan Ingila da suka haɗa wannan sinadari a shekarun 1950 ba su san gaisuwar Bahaushe ta fi minti ɗaya ba.

Na ce, "Mmm."

"An tashi lafiya?"

"Mmm."

"Ya iyalin?"

Nan maganin ya fara cizon harshena, idona ya kawo ruwa, sautin ya karye biyu: "Mm-mm." Kowa ya san abin da wannan yake nufi. Tsoho ya kafe babur, ya sunkuyo har hularsa na neman taɓa goshina. Ya ga mijin 'yarsa a durƙushe, yana hawaye, ya kasa magana.

"Subhanallahi! Me ya sami yarinyar?"

Hanya uku ce a gabana. In haɗiye, likita ya hana. In juya in tofar, an ce na tofa yawu a gaban suruki, sai labarin ya riga ni zuwa masallaci. In yi shiru, tsoho ya faɗa cikin gida da salati. Sai na ɗauki ta huɗu, wadda babu mai hankalin da ya san da ita: na buɗe baki zan ce, "Lafiya lau, Baba."

"La" ta fita lafiya. A kan "fi" ne aka yi ɓarnar. Ina gani da idona ruwan nan mai launin hoda ya tashi kamar feshin maganin ƙwari a gonar auduga, ya ratsa hasken safiya, ya sauka tun daga aikin wuyan riga har aljihu. Ɗigo ɗaya ya maƙale a gemu, yana lilo. Ya ƙi faɗuwa. Ni ina kallonsa, Baba yana kallona, agogon waya kuma ya zaɓi wannan lokacin ya fara ƙara, wai minti ya cika.

Maƙwabcina, tsohon direban motar hatsi, ya taso daga teburin mai shayi da kofi a hannu.

"Jini ne! Alhaji, ja da baya, an yi wa yaron nan sammu!"

Da ya shinshina ya ji warin asibiti, sai ya sauya layi ba tare da ko sigina ba.

"Ai kai ka so. Magani a ba ka, ka tsaya wasa da shi a baki? Ciki ake so ya shiga! Da ka zo wurina, man birki ɗigo biyu a auduga, an gama. Ni haka na yi wa nawa."

Ya wangale baki ya nuna mana shaida. Haƙoran da suka rage ba su kai a raba wa mutum biyu ba.

"Ita kuwa riga, Alhaji, juya ta kawai. Wa zai duba cikin riga a wurin ɗaurin aure? Ko a ƙara fesa wa ɗaya gefen, a ce sabon yayi ne daga Kano."

Baba bai tanka masa ba. Ya share gemu da bayan hannu, ya dube ni ya ce, "To, ita dai lafiyarta ƙalau?"

Na ce, "Ƙalau, Baba. Ku yi haƙuri."

Ya tafi Malumfashi da rigata ta Sallah, wadda ta tsaya masa a gwiwa. Maganar taki ko tashi ba ta yi ba, rigar ma har yanzu ba a aiko da ita ba.