Na'urar Ɗaukar Waƙa da Halinmu Mu 'Yan Yerwa

Mu a Maiduguri, wato Yerwa, duk abin da ke aiki da lantarki in aka miƙo mana shi, tambayar farko da muke yi ita ce, "Yana ɗaukar batir?" Maganar kuɗi da sunan kamfani sai daga baya. Haka muke sayen fanka, haka muke sayen fitila da rediyo, haka kuma samarinmu masu harkar waƙa suke sayen 'yar na'urar nan mai ɗaukar sauti layi-layi, wadda za ka tarar a ɗakin saurayi a Hausari ko Gwange ko Bulunkutu, an jingina katifa da taga, an ce situdiyo ne.

Ga wanda bai san ta ba, ƙaramar akwati ce da za ta shiga jakar goyo. Kiɗan fiyano ya hau layinsa, muryar mawaƙi ta hau nata, 'yan amshi su hau nasu. In amshi ya karkace, shi kaɗai za a sake, ba sai an tayar da kowa ba. Dabarar ta daɗe. Tun 1979 kamfanin TEAC na Japan, mai tambarin Tascam, ya fito da Portastudio 144 mai zuba layi huɗu a kan kaset irin wanda iyayenmu ke sauraron Shata a ciki. A 1996 Roland ya kawo VS-880 mai ajiya a faifai irin na cikin kwamfuta. A 2009 kuma Zoom ya fito da R16, mai karɓar makirufo takwas a lokaci guda, ta haɗa layi 16, ta zuba komai a memori, kuma batir shida irin na rimot sun ishe ta aikin sa'o'i kamar huɗu. Wannan magana ta batir ita ce ta sa irinta ta samu shiga a wajenmu.

Kada in yi ƙari, yawancin situdiyon kuɗi a garin nan kwamfuta suke aiki da ita, kamar yadda ake yi a Kano da Kaduna, da FL Studio ko Cubase da fiyano Yamaha a gefe. Shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa a majalisar shayi bayan isha'i. Mai kwamfuta zai ce, "Haba Yaya, wa yake wahala da akwatin nan yanzu? Allonta ko sunan waƙa ba ya ɗauka." Mai akwati ya ce, "To ƙanena, taka sau nawa ta sandare ana tsakiyar baiti? Sau nawa fulash ɗin wani ya zuba mata bairos?" Kowannensu da gaskiyarsa. Wajen gyaran murya da haɗa kiɗa, kwamfuta ta yi nisa, babu mai ja. Amma wajen ɗauka, lokacin da mutum ya buɗe baki muryarsa ta zauna daidai, ni na fi yarda da akwatin. Aiki ɗaya ta sani. Ba ta shiga intanet, ba a kallon fim a cikinta, ba ta da fanka mai huci a kunnen makirufo, ba ta tsayawa ta ce sai an sabunta mata wani abu. Masu wayo a cikinmu sun raba gardamar: su ɗauka a akwati, su kwashe zuwa kwamfuta su gyara.

To in haka ne, me ya sa kullum ake jin wani yana cewa na'ura ta cinye masa waƙa? In ka zauna ka bi zancen dalla-dalla, sau da yawa za ka tarar na'urar ba ta da laifi. Wuta ce, ko memori, ko ƙura, ko kuma halinmu.

Maganar wuta ba sai an tuna wa ɗan Maiduguri ba. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka kayar da turakun babban layin da ke kawo mana lantarki daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, muka yi murna, ko mako ba a cika ba aka sake kayar da su. Garin ya daɗe a duhu, kowa ya koma inji da sola, har aka zo aka gina tashar nan mai aiki da iskar gas mai megawat 50 a hanyar Baga, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023. Wannan zama ya koya wa masu ɗaukar sauti abin da ba ya rubuce a bayan kwali. Na'urar tana zuba sauti a memori a hankali, amma sai an danna tsayawa take rufe fayil ɗin ta rubuta bayanin tsawonsa. In wuta ta ɗauke kafin nan, sai ka kunna ka ga sunan waƙa babu komai a ciki, ko ma ka rasa sunan. Wani lokacin gwanin kwamfuta yakan iya ceto wani abu, wani lokacin sai dai haƙuri. Shi ya sa a wajenmu, ko an kawo wuta, mai hankali da sabon batir a cikin na'ura yake ɗauka, kuma yana gama kowane baiti yake tsayawa ya adana kafin a shiga na gaba. Wanda ke amfani da makirufo mai buƙatar wutar bolt 48 daga jikin na'urar kuwa, ya san batir ba ya daɗewa, sai ya ajiye wani a aljihu.

Inji kuma matsala biyu ne. Ga ƙararsa da ke ratsa bango ta shiga waƙa, ga wutarsa mai hawa da sauka. A nan ne zaman unguwa yake amfani. Za ka ji yaro ya leƙa shagon maƙwabci ya ce, "Baba, wushe da aiki. Don Allah a ɗan kashe mana injin minti goma, murya za mu ɗauka." Dattijon ya ce, "Waƙar me?" In aka ce yabon Manzo ne, ko waƙar bikin 'yar wane, sai ya ce, "Je ka, ɗana, Allah ya ba da sa'a," ya kashe. Wasu kuwa sukan jira dare ya raba, Keke Napep ya ɗauke ƙafa, sannan su fara. Masu sola ma ba su tsira gaba ɗaya ba, don inbata mai araha takan saka wani siririn zuuu a ƙarƙashin murya, wanda ba ka jin sa sai ka sa abin kunne. Cire wayar wuta ka koma batir, sai ka ji shiru.

Akwai kuma al'adarmu ta "kowace caja caja ce". Adaftar na'ura ta ɓata, sai a lalubo wata mai baki iri ɗaya a soka. Alhali wata na'urar bolt 5 take ci, wata 9, wata 12, kuma a wasu tsakiyar bakin ne ke ɗauke da wutar, a wasu gefen. Masu gyaran rediyo sun sha ganin irin wannan ƙuna. Rubutun yana nan a jikin na'urar kusa da ramin, karantawa kawai ake buƙata.

Amma babban mai cin waƙa a garin nan memorin jabu ne, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Mutum ya tara kuɗi ya sayi na'ura, ko sabuwa ko ta hannu da aka kawo daga Legas ko Kano, sannan ya tsaya a bakin titi ya sayi memorin da aka rubuta wa gigabait 64 ko 128 a kuɗin da ko na 8 na gaske ba zai saya ba. Araha ba ta ado. Abin da masu haɗa jabun suke yi shi ne su ɗauki ƙaramin memori su sa shi ya riƙa faɗin ƙarya game da girmansa. Waya za ta yarda, kwamfuta za ta yarda, na'ura ma za ta yarda. Waƙa ta farko da ta biyu su zauna lafiya, kowa ya saki jiki. Ranar da ainihin cikinsa ya cika, sabon abu ya fara hawa kan tsoho ko ya zube a banza, sunaye na nan a jere amma babu sauti. Akwai kuma wanda girmansa na gaske ne amma ba shi da sauri. Ka buɗe makirufo shida ko takwas a tare, sai na'ura ta tsaya ta ce ba ta iya rubutawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba ma ma buƙatar babban memorin. Layi ɗaya mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabait 5 ne a minti. Waƙar minti biyar mai layi takwas ba ta wuce megabait 200 da 'yan kai ba. Memorin gigabait 16 na gaske zai ɗauki kundin waƙoƙi har da saura. R16 ɗin nan ma iyakarta 32, in ka ba ta wanda ya fi haka ba za ta gane shi ba. Ga kuma 'yar manhajar H2testw ta kyauta, wadda ke cika memori da bayanai ta sake karantawa, ta gaya maka gaskiyar cikinsa tun kafin ka ba shi amanar muryarka. Sannan a bar na'urar da kanta ta share sabon memori ta tsara shi yadda take so, kada a ciro na waya cike da hotunan suna da bidiyon WhatsApp a soka mata.

Ƙura kuwa, wanda ya yi hunturu ɗaya a Yerwa ya san ko ƙofa a rufe take sai ya share tebur da safe. Takan shiga ramin maɓallan da ake ja sama da ƙasa, sai ka ji ƙaras-ƙaras in ana ƙara murya. Da bazara zafi ya haura 40, a bar jaka a cikin mota ko ƙarƙashin kwano, batir ya kumbura ko ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen mazauninsa. Sai kuma abin da muke alfahari da shi, turaren wuta. Gidan Barno ba ya rabuwa da kasko, ni ma ba zan so ɗaki babu shi ba. Amma hayaƙinsa yana da maiƙo, yakan kwanta a kan makirufo da cikin maɓallai, ƙura ta zo ta manne. Na ji wata uwa tana ce wa ɗanta, "Kai ɗakin nan naka sai warin waya, bari in sa maka turare." Ya ce, "Mama, bari in rufe kayan tukuna." Ya yi daidai. Tsohon mayafi mai tsabta da jaka mai zif sun isa.

Duk waɗannan da sauƙi a kan halinmu na ajiye abu a wuri ɗaya. Waƙa tana cikin memori, memori yana cikin na'ura, na'ura tana ƙarƙashin gado, shi ke nan mun ce an adana. Wasu ƙananan na'urorin Tascam ma a wani ɓoyayyen sashe na memori suke ajiye layukan, sai an umarce su sun fitar da su kafin kwamfuta ta gani, amma mutum zai kwafi abin da ya bayyana ya ɗauka ya gama. Mun ga gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairun 2023. Mun ga daren da madatsar Alau ta ɓalle, muka wayi gari ranar 10 ga Satumban 2024 ruwa ya mamaye Gwange da Fori da fadar Shehu da wajen Gidan Waya. A ranar rai ake ta ceto, babu mai tuna jaka, kuma haka ya kamata. Bayan ruwa ya janye ne aka fara lissafin abin da ya tafi. Memori yakan jure ruwa in an wanke shi aka bar shi ya bushe sarai, na'ura kuwa da wuya, balle in an yi gaggawar kunna ta da danshi a ciki. Wanda ya taɓa tura wa ɗan'uwansa kwafi a wata unguwa ko wani gari, shi ne bai yi asarar aikinsa ba. Kuma turawa ta WhatsApp a matsayin saƙon murya ba ajiya ba ce, don matse sautin ake yi, layukan kuma sun riga sun haɗe. Ainihin fayilolin ake kwafa.

Na damu da wannan ne saboda ba waƙar soyayyar samari kaɗai ke cikin memorin nan ba. Ita na'ura mai batir ana iya ɗaukarta a kai ta inda sautin yake. Ana iya kai ta wajen bikin aure ranar wushe-wushe a sa wa mai ganga makirufonsa, mai algaita nasa, mata masu guɗa nasu, yadda ƙarar ɗaya ba za ta danne ɗaya ba. Ana iya kai ta zauren Goni a ɗauki karatunsa da dare, ko wajen masu bandiri a watan Maulidi, ko gaban tsohuwar da ta taso daga Kukawa ko Abadam ko Gwoza da waƙoƙin daka da na reno na garinsu a ka, garin da jikokinta ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Mai waƙar zamani in tasa ta goge, zai dawo gobe ya sake, wataƙila ma ta fi ta jiya daɗi. Tsohon makaɗi ba kullum ake samun sa a karo na biyu ba.

Don haka 'yan'uwa masu situdiyon ɗaki, na'urarku tana da amana in kun riƙe ta da kyau. Ku sa mata batir ko da wuta, ku saya mata memori na gaske ku gwada shi, ku rufe ta daga ƙura da hayaƙi. Ranar da kuka ɗauki wani abu kuma, musamman muryar dattijo, kada ku kwanta sai kun kwafe shi a wuri biyu, ɗaya daga ciki a gidan da ba naku ba.