Ire-iren Masu Rakiyar Ɗan Tsere

Gudun fanfalaki na rabin zango tsawonsa kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, wato rabin cikakken zangon nan na kilomita 42 da mita 195 da duniya ta gada daga gasar Olamfik ta Landan a 1908. Gwanayen Gabashin Afirka kan cinye shi kafin awa ɗaya ta cika. Jacob Kiplimo na Uganda ya yi shi cikin minti 57 da daƙiƙa 31 a Lisbon a Nuwamban 2021. Mai matsakaicin ƙarfi kuwa yakan kai awa biyu, yana cin kusan mita uku a kowace daƙiƙa. Idan ɗan kallo na iya hango mita 60 na titi daga inda yake tsaye, ke nan daƙiƙa 20 kacal zai ga nasa. Duk shiri da hayaniya da kashe kuɗin masu rakiya, a kan waɗannan daƙiƙoƙi 20 ake yin su.

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, tseren da aka fi sabawa da shi shi ne sukuwar dawaki, sai na ɗaliban sakandare a gasar gidaje, inda 'yan ja da kore da shuɗi da ɗorawa ke zagaye fili. Akwai kuma samarin da ke gudun asuba don shirin tantancewar shiga soja. Mai son dogon zango na sosai dole ya ɗauki hanya. Legas na yin nata babban tseren tun 2016, garin Okpekpe na Jihar Edo na yin na kilomita 10 tun 2013, Kaduna kuma ta shirya na rabin zango ranar 21 ga Nuwamba, 2020, tsakiyar kaka, lokacin da dawa ke jiran yanka. Ko a gida ko a can, halin masu rakiya bai sauyawa.

Ta farko a daraja, kuma wadda aka fi mantawa da ita, ita ce uwargida. Rakiyarta takan fara wata uku kafin ranar tsere. Ita ke tashi kafin kiran assalatu ta dama kunu, ita ke wanke kambas da safar da jan ƙasar hanyar Dogon Daji ya rine, ita ce kuma ke amsa tambayar maƙwabta a gidan suna: ko maigidan lafiya, ko kuwa an kai shi wurin malam? Takan ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki, domin a wurin matan unguwa umarnin likita ya fi sha'awa sauƙin bayani. Ranar tsere ba ta zuwa bakin titi, amma ba ta zauna ba. Wayarta na kunne, tana kiran ƙanin miji kowane minti biyar, tambayarta ba ta wuce ɗaya: "Yana tsaye da ƙafafunsa?" Na nawa ya zo bai dame ta ba.

Uwargida iri biyu ce. Akwai mai imani da cewa ciki da abinci shi ke gudu. Wannan takan tura kwanon fura da nono mai kauri da saƙon a tabbata ya shanye kafin a busa usur. Wanda ya bi wannan umarni yakan gane kuskurensa tun a kilomita na uku, lokacin da haƙarƙari ya fara suka. Masu horar da 'yan tsere kan ce a ci abu mara nauyi awa biyu zuwa uku kafin farawa, wanda kuma jiki ya saba da shi. Akwai kuma mai lissafi, wadda ta san kuɗin mota daga Tambuwal zuwa Kaduna ta Gusau da Funtuwa da Zariya, ta kuma san buhun gero nawa ke nan. Ba ta hana tafiya. Takan dai ajiye lissafin a wuri mai kyau, har ranar da za a yi maganar ɗinkin Sallah.

Dattijon bakin hanya ba ya cikin tawaga, amma ba a tsere sai da shi. A saninsa, babban mutum ba ya gudu sai da dalili: gobara, ɓarawo, ko sa ya tsinke. Yana zaune kan tabarma da rediyo a gefe, sai ga magidanci da gajeren wando yana haki. Dattijo ba ya kallon mai gudun, bayansa yake kallo. Da ya ga babu kowa, sai ya juya ga na kusa da shi: "Mi ak koro yaron ga?" Idan aka ce wasa ne, yakan yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya nemi a gaya masa ɗan gidan wa ne, don ya san wanda zai yi wa jaje.

Tsohon ɗan tsere ya fi kowa murya. Ya taɓa cin mita 1,500 yana aji uku, kuma kowace shekara tazarar da ya ba na biyu ƙaruwa take yi. A zamaninsa ba takalmi, ba ruwa, ga ƙaya. Tumbinsa yanzu ya riga shi shiga ko'ina, amma bai hana shi tsayawa da hannu a ƙugu yana ba da umarni: a ɗaga gwiwa, a rufe baki, a taka da ƙarfi tun daga farko. Shawarar ƙarshen nan ita ce mafi haɗari. Dogon zango da dabara ake cin sa, kuma wanda ya zuba ƙarfinsa a kilomita biyar na farko yakan ƙarasa sauran da tafiyar mai jinya.

Mai kabu-kabu aboki ne na ƙut da ƙut, da kyakkyawar niyya da cikakken tanki. Ya ɗauki alkawarin bin mutuminsa daga farko har ƙarshe, yana danna ham, yana miƙa ledar ruwa, yana kuma tura masa hayaƙi da ƙura a hanci. A atisayen hanyar Kebbe yana da amfani, musamman in hazon hunturu ya sauka kuma manyan motoci na wucewa. A gasar hukuma kuwa zai iya jawo wa abokinsa kora, domin dokar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta hana wanda ba ya cikin tsere ya ja wa ɗan tsere gudu, kuma an keɓe wuraren karɓar ruwa. Da ya ga abokin ya fara tangaɗi, tausayi kan kama shi, ya rage murya ya ce: "Hau in rage maka hanya, babu mai gani."

Na kusa da shi a ɓarna shi ne mai "saura kaɗan". Yana tsaye a kilomita na takwas yana rantsuwa an kusa. Bai san tsawon hanyar ba, bai kuma tambaya ba. Ɗan tseren da ya gaskata shi yakan ƙara wuta, ya sha kwana yana neman tuta, ya tarar da kilomita 13 shimfiɗe a gabansa.

Mai waya ya zo ne domin jama'ar gida. Tun daren jiya ya buɗe zaure a WhatsApp, ya sa hoton ɗan tseren, ya tara addu'o'i. Da safe ya ɗauki bidiyon taro, da 'yan sanda, da mai rake, da fuskarsa yana bayani kamar wakilin gidan rediyo. Daidai lokacin da mutumin nasa ya ɓullo, ko dai caji ya ƙare, ko kuwa uwargida ta kira. Abin da ke isa Tambuwal shi ne ƙeyar wani baƙo mai riga irin tasa, kuma dangi kan yi ta yaba yadda ya rame.

Baffa mai taimako yakan zo da laya a ɗaura a damtse da rubutu a gora, wani lokaci har da sabon kambas na kyauta. Layar ba ta da nauyi. Sabon takalmin ne ke fasa dunduniya kafin a yi rabi.

Mai lissafin kyauta ya ji a rediyo cewa na ɗaya zai samu daloli, tun a mota ya gama rabo: babur, kwanon rufi, sadakin ƙane. Ba a gaya masa cewa a manyan tseren Nijeriya 'yan Kenya da Habasha ne suka saba kwashe na gaba ba, a cikin 'yan gida kuma 'yan Filato ne, irin su mutanen Pankshin da suka tashi suna hawan duwatsu. Idan ya ga an rataya wa mutuminsa lambar ƙarfe irin wadda aka ba duk wanda ya ƙarasa, yakan juya ta gaba da baya, ya gwada nauyinta a tafin hannu, sannan ya tambaya a ina ake canza ta.

Ƙane mai riƙe jaka shi ne mafi ƙarancin magana, kuma shi kaɗai ya karanta taswirar hanya. Ya zaɓi wuri biyu: ɗaya wajen kilomita na 16, inda ƙafafu ke fara gardama kuma 'yan kallo suka yi ƙaranci, ɗaya kuma bayan layin ƙarshe. Ya gaya wa yayansa tun da dare gefen titin da zai tsaya da launin hularsa, domin mai gudu ya fi saurin gane wanda ke tsaye fiye da yadda na tsaye zai tsamo shi cikin ɗaruruwa. Sunan gida yake kira, ba lambar ƙirji ba. A jakarsa akwai ruwa, dabino, ayaba, silifas, busasshiyar riga da kuɗin komawa a ƙulle daban. Da an ƙare ba ya barin yaya ya zube ƙasa nan take, sai ya sa shi ya ɗan taka har numfashi ya daidaita, sannan ya kira gida ya ce wa uwargida yana tsaye da ƙafafunsa. A hotunan da mai waya ya ɗauka ba a ganin komai nasa sai gwiwar hannu.

Rukunin ƙarshe masu sannu da zuwa ne, waɗanda ba su je ko'ina ba. Sukan cika zaure washegari, lokacin da ciwon cinya ke kan ganiyarsa, ɗan tseren na dafa bango kafin ya durƙusa gaida manya. Kowa na tambayar na nawa ya zo. In ya ce na ɗari uku da wani abu, sai a yi salati, wani ya ce ai da ɗan wane aka tura, mai bin zomo a dajin Kuchi. Uwargida na aiko da ruwan zafi da man zafi daga ciki, tare da saƙon cewa masu yankan dawa sun zo tun jiya suna jiran a nuna musu gona.