Taubashi, Leƙa Ƙarƙashin Motarka

Zuwa ga ɗan gwaggona na Babura, bawana na gado, mai Golf ɗin da ake jin ƙararta tun tana Kanya Babba.

Bayan gaisuwar ubangida ga yaronsa, ina taya ka murnar sabon fenti. Labari ya iso mu Kazaure cewa motar ta koma fara sol, an liƙa mata sitika a gilashin baya, an rataya carbi a madubi, turare kuwa sai fasinja ya yi atishawa kafin ya zauna. Madalla. Sai dai masu kawo labarin sun ƙara da cewa wanda ya zauna a baya ba ya bukatar taga, don ta tsakanin ƙafafunsa yake kallon kwalta tana gudu. An ce ma wata tsohuwa ta shiga da takalmi ƙafa biyu a Babura, ta sauka da ƙafa ɗaya a Ɗambatta. Ban ce na yarda ba, amma ai na san ka tun kana jan motar kara.

Na ji hujjar da kake kafawa a tasha, wai tsatsa ciwon motocin Legas da Fatakwal ne, mu nan Allah ya hore mana rana da hunturu. Rabin maganar gaskiya ne, kuma a wurinka rabi ma ci gaba ne. Ƙarfe ba ya tsatsa sai danshi da iska sun haɗu a kansa. Mu kuwa daga Oktoba zuwa Mayu ƙasarmu a bushe take ƙamas, shi ya sa har yau za ka ga tsohuwar Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna tana jidar buhuna a ƙauye, alhali sa'o'inta na bakin teku sun daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan. Amma wannan gata na motar da ta tashi a nan ne. Taka ba 'yar gari ba ce. Da ciwonta ta zo.

Golf 3 ta fara fita kasuwa a 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, kuma kafin 2000 an daina ƙera irin taka mai dogon baya. Ƙuruciyarta duk a Turai ta yi ta, inda idan sanyi ya shigo ake bin tituna ana watsa gishiri don ƙanƙara ta narke. Ba ɗan barbaɗe ba: Amurka kaɗai tana zuba wajen tan miliyan 20 a shekara. Tayoyi su kwashi ruwan gishirin nan su fesa shi cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, shi kuwa gishiri yana riƙe danshi, yana kuma ƙara wa tsatsa sauri. Da Bature ya ga da ƙyar za ta sake tsallake binciken lafiyar mota, sai ya rabu da ita salin-alin. Aka loda ta a jirgin ruwa a Antwerp ta Beljiyam, ta sha iskar teku har Kwatano. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Kai da ke tashi da carar zakarun Nijar, ba zan tambaye ka ta inda taka ta ɓullo ba.

Kada ka ce raina motar talaka nake yi. Tsatsa ba ta jin kunyar manya. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 a Amurka, kan motoci kusan miliyan 1.5 ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia, waɗanda masu su suka yi ƙarar cewa shasinsu na ruɓewa da wuri. Su ma masu ƙera taka, da suka fito da Golf 4 a 1997, sai suka lulluɓe jikinta duka da zinki irin na kwanon rufi, suka ba da garantin shekara 12 cewa tsatsa ba za ta huda shi ba. Taka ta riga wannan gata zuwa duniya. Masu masana'anta suna kashe biliyoyi kan abin da kai ka ce rana za ta yi maka maganinsa kyauta.

To, a bar Turawa su huta, a zo kanka. Da damina ta matso, kai ne sarkin lodin takin zamani zuwa ƙauyuka. Buhu ya fashe a but, ka sa hannu ka kwashe na sama, sauran ya gangara ramin safaya. Yuriya tana jawo danshi daga iska ko ba a yi ruwa ba, shi kuma NPK yawanci akwai gishirin fotash a cikinsa, ɗan'uwan na miya. Ranar Alhamis ka dawo daga kasuwar Maigatari da awaki a baya da buhun kanwa a gefe. Fitsari ya jiƙe kafet sharkaf, kai kuma ka ƙara fesa turare. Aikin da gishirin Jamus ya fara, akuya ce ke ƙarasa shi.

Sai maganar hanya. Idan ka ɗauki shatar biki zuwa ƙauyukan Roni da Gwiwa ka sauka daga kwalta, tsakuwa ce ke ta bugun ƙarƙashin motar, tana ɓantare ɗan baƙin rufin da ya rage mata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Agusta ka kutsa kwari da gudu don kada ka maƙale, laka ta cushe saman tayoyi da kwararon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi. Saman laka kan bushe a yini ɗaya, cikinta kuwa yakan yi makonni da danshi, manne da ƙarfe. Na san yaronka na wanke motar kullum, har da kumfa, amma iyakarsa inda ido ke gani. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan ƙananan hudoji da aka yi don ruwa ya fice. Naka yashin Babura ya toshe su tun bara waccan. Shi ya sa in an rufe ƙofar motarka ake jin ruwa na kaɗawa a ciki, kai kuma ka ce wa fasinja alamar mota mai nauyi ce.

Da ƙuraje suka fara fitowa a jikin fenti, me ka yi? Ka nemi mai gyaran bodi mafi araha a gari, ya cusa kwali a ramin, ya yaɓa fila, ya goge, ya fesa. A ƙasa kuma ka sa aka shafe komai da kwalta, da tsatsar da lakar gaba ɗaya. Wannan yaɓe ne a kan gara: bango ya yi sumul, ciki ana cinsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma ninki-ba-ninki, don haka kumbura take yi ta ɗaga duk abin da aka rufe ta da shi. Kwaltar ta tsage, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita. In kana musu, ɗauki maganaɗisun tsohuwar lasifika ka bi gindin motar da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya faɗo, nan kuɗinka suka kwanta.

Haka baƙin man da ake fesa maka a wurin wanki, wanda aka juye daga injin wani aka sirka da gas. Ba zan ce ba ya korar ruwa ba. Amma yana lalata robobi, yana tara yashi, in ya taɓa birki kuma sai dai addu'a.

Nan zan ajiye wasa na ɗan lokaci, don Gwaggo tana shiga motar nan. Ramin da ke ƙarƙashin kafet abin dariya ne, amma maƙwabtansa ba na dariya ba ne. Bututun birki siririn ƙarfe ne, bai kai kaurin fensir ba, yana bin ƙarƙashin mota daga gaba har baya. Tsatsa kan ci shi a hankali, ba ɗigo ba ƙara, sai ranar da tirela ta ja birki gabanka a hanyar Kano zuwa Daura, ka taka da ƙarfi, ya fashe, ka ji ƙafarka ta nutse. Salansar da ta huje tana tura hayaƙi ta ramin nan zuwa cikin mota. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, sai dai direba ya ji kai na sarawa, barci na fizgarsa. Ga mazaunin shokazoba, ga inda ƙafafun mota ke ɗaure. Golf ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura. Bodin nan shi ne ke ɗauke da komai. In ya ruɓe, babu abin da ke riƙe da taya sai tawakkali. Ranar da abu ya faru a ce tsautsayi, alhali tsautsayin ya yi shekaru yana aiko da saƙo ba a karɓa ba.

Maganin ba boka ba malam, kuma ba sai an je Jamus ba. Yanzu da ruwa ya ɗauke, ka kai ta wurin wankin da ke da rami, a sakar mata ruwa mai ƙarfi daga ƙasa har laka ta daina fita. A ciro kujeru da kafet a shanya, a zazzage ramin safaya, a duba mazaunin batir, don ruwan batir ma cin ƙarfe yake yi. A bar ta ta bushe sarai. A nan ne ranar da kake taƙama da ita za ta yi maka amfani. Sannan ka sauka ramin da kanka, da tocila da sukundireba, ko da babbar rigar za ta yi baƙi. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.

Ka bi kana zungura. Inda ya yi ƙarar ƙarfe, tsatsar a sama take: buroshin waya da samfefa har sai farin ƙarfe ya bayyana, a shafa ruwan kashe tsatsa mai mayar da ita baƙa, a bi da jan fenti irin wanda masu walda ke fara yi wa sabon ƙyaure, sai ya bushe sannan a sa baƙin rufin ƙarƙashi. Inda sukundireba ta shige, babu lallashi: a yanke har inda ƙarfe ke da rai, a sa sabon faranti a yi walda, bayan an cire kan batir an kuma nisanta wuta daga tanki da bututun fetur. Bututun birkin da ya yi ƙuraje ba a gyara shi, canzawa ake yi. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo, kuɗinsa bai kai na fentin da ka yi ba. Cikin ƙofofi da kwararon da buroshi ba ya kaiwa, a zura waya a buɗe hudojin, a fesa mai mai tsabta ko kakin da aka yi don wannan aiki, a kauce wa birki da salansa da robobi. A maimaita a Afrilu ko Mayu kafin ruwan fari, don ba a fafe gora ranar tafiya. Taki da dabbobi kuwa, shimfiɗa tamfol kafin lodi, ka wanke but ɗin bayan saukewa, ka bar shi a buɗe ya sha iska.

Na san abin da za ka ce: ubangida ya cika wa'azi, ya kawo kuɗin mana. Kuɗin shararka na bana ba sai Cika-ciki ta zo ba, na riga na ware. Amma ba za su shiga aljihunka ba, don na san turare za su koma. Buroshin waya ne da gwangwanin jan fenti. Ka zo wurina a Kanti ka karɓa da hannu biyu, ka durƙusa ka yi godiya yadda kakanni suka tsara. Dama shara ce aikinka na gado, bana dai ta ƙarƙashin mota ce.

Kafin nan na aika wa Gwaggo cewa duk ranar da za ta zo Kazaure ta hau motar layi, ni zan biya. In ta ƙi, ta ce sai motar ɗanta, to ka sani ni ma sai na sauka ramin nan na duba da idona. Duk inda sukundireba ta shige kuma, a gaban 'yan tasha zan ƙirga shi, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

Naka,
Ubangidanka na Kazaure.