Shafi na Biyu

A Damagaram, duk mai wayo da bazara yake sayar da gidan ƙasa. Watan Afrilu zafi kan haura maki 40, bango ya bushe ƙarau, babu ɗigo babu danshi, indararo kuwa ƙadangare kaɗai ke zirga-zirga a ciki. Dillalai sun san haka, magina sun sani, har yaran unguwa sun sani. Kawuna ne kawai labarin bai iske ba, don ya daɗe yana fataucin albasa tsakanin Nijar da Abijan, yana kwana a gidajen bulo na haya, har ya manta halin tubali.

Da bazarar 2024 ya dawo da niyyar zama, dillali ya kai shi Zango, tsohuwar unguwar fatake da ke wajen ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ita a ƙarni na 19, inda ayarin raƙuma daga Agadas da Tarabulus ke sauka a da. Gidan da ya nuna masa yana da zaure mai zankwaye, an shafe fuskarsa da siminti, an bi da shuɗin fenti da ko ƙura bai gama sha ba. Kawu ya gani, ya so, har ya fara lissafin inda zai ɗaure rago. Sai ga saƙon murya ta WhatsApp daga ɗansa mai karatu a Faransa: «Baba, kada ka biya ko dala sai gwani ya duba.» Yaron ya yi dogon bayani. A can, in ji shi, ba a sayar da gida sai da damin takardu: ta gubar dalma a fenti idan ginin ya riga 1949, ta wayoyin lantarki idan sun wuce shekara 15, da ta gara a yankunan da hukuma ta ayyana, wadda wata 6 kawai take aiki sai a sake. Kawu ya ce lallai Nasara ya san gara. Aka nemo gwani.

Ni kuma, da yake ni ne na yi lakkal a gidan, aka ba ni muƙami biyu: tafinta da mai riƙe tsani.

Gwanin matashi ne da ya karanta aikin gine-gine. Ya sauka daga kabu-kabu da hular kwano rawaya, da igiyar awo, da tocila, da littafi. Kafin ya taka zaure ya ce, «Alhaji, abin da idona ya gani yau shi zan rubuta. Ba na fasa bango, ba na tono, ba na ɗaga kayan mutane.» Kawu yana waya da wani a kan farashin buhu, ya ɗaga masa hannu: «Madalla, Injiniya, madalla.»

Ba lalaci ba ne ya sa yaron ya faɗi haka. Ƙa'idar sana'ar ke nan ko'ina. A Ingila, ƙungiyar masu duba gine-gine ta RICS ta kasa binciken gida mataki 3, ana yi wa kowane sashe alamar kore ko ruwan ɗorawa ko ja. Amma a binciken da aka fi saye, gwani ba ya janye darduma, ba ya ture kabad, ba ya gwada lantarki, tsaninsa kuma ba ya wuce mita 3. Gidan na wani ne har ranar da aka biya, kuma babu mai yarda baƙo ya ɓurma masa bango don wani ciniki da ƙila ba za a yi ba.

Aka fara da famfo. Injiniya ya murɗa, famfo ya yi tari ya yi shiru.

«Yana aiki?»

«Ranar da ruwa ya zo, yana aiki,» in ji mai gida.

Babu wanda ya yi dariya, don amsar daidai take. Garin a kan dutse yake zaune, kuma ƙishinsa ya girmi kowa a wurin. Shi ne babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, ƙarancin ruwa kuma yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka kwashe kayansu zuwa Yamai. Har yau ruwan daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, 'yan ga-ruwa kuma na cike giɓi da bido. To, ta yaya mutum zai san ko bututun da ke ƙarƙashin ƙasa ya fashe, alhali babu abin da ke bi ta cikinsa? Injiniya ya rubuta. Ya danna makunni, an ɗauke wuta. Ya sake rubutawa.

Cikin gida ne aka sha fama. Mai gida ya tsaya a ƙofar shigifa ya ce nan ba shiga. Aka yi ta roƙo har matan suka ja mayafi suka tsallaka maƙwabta, sai uwargida, tsohuwa, ta ce ita ba inda za ta, ta kafa kujera a bakin ɗakinta. Injiniya ya leƙa da tocila. Ƙasa leda ce daga kusurwa zuwa kusurwa. Sama farin silin, sabo fil. Bangon gabas kuwa ba a ganin ko tafin hannu ɗaya nasa: kabad ce babba, a kanta jeren kwanuka da tasoshi har suna taɓa rufi.

«Inna, ko za a ɗan matsar da kabad ɗin in ga bayanta?»

«Yaro, kayan auren nan tun zamanin mulkin Kunce suke nan ba su motsa ba. Ba a kanka za su fara ba.»

Ya rubuta.

Sai tsani, wato fagena. Na maƙwabci ne aka aro, gajere, matakinsa ɗaya ɗaure da tsumma. Na rungume shi, Injiniya ya hau har ƙarshe, ya yi ɗage, hular kwanonsa kaɗai ta wuce bakin soro. Ya hango zanko ɗaya da tantabara. Kawu, wanda ya samu wani sabon dakali mai santsi a kusurwar tsakar gida ya baje a kai yana cewa nan zai riƙa shan shayi, ya ɗaga murya: «Yaya ka gani?» Injiniya ya ce, «Ɗan gefen da na hango dai lafiya lau.» Daga wannan jimlar kalma biyu na ƙarshe suka isa kunnen Kawu.

Rahoton ya zo da Faransanci, shafi 3, da hatimi. Na karanta na farko: zaure daram, ƙofofi da tagogi na ƙarfe masu kyau, awon fili ya yi daidai da takarda. Na lashi yatsa zan juya, Kawu ya karɓe. «Ya isa. Sauran ai gaisuwa ce.» Ya ninke ya cusa a aljihun babbar riga. Kashegari aka yi ciniki, dillali ya karɓi la'ada, aka shafa fatiha.

Ranar da tsohuwa ta kwashe kayan aurenta aka ga abin da Kunce ya bari: tsaga daga rufi har ƙasa, kyanwa na shiga tana fita. Kawu ya sa aka cusa siminti. Wannan shi ne maganin da kowa ke yi yanzu, kuma shi ne cutar. Siminti ba ya kama jikin ƙasa. Ruwa ya samu 'yar kafa ya shiga bayansa, ya rasa hanyar fita, tubali ya yi ta narkewa a ɓoye, fuskar gida kuwa na ta ƙyalli. Mutanen da kan yaɓe da ƙasa da makuba daga kwasfar ɗorawa, su sabunta kafin kowace damina, su hau soro su share indararo. Bango in ya jiƙe ya sha iska ya bushe.

Damagaram kan samu ruwan da bai wuce wajen milimita 400 ba a shekara. Daminar 2024 ba ta san wannan lissafi ba. Wani dare a Agusta aka kwana ana tsugawa, Hajiya matar Kawu ta ƙarar da kwanukanta kaf wajen tarar ɗigo, har da murfin tukunya. Da safe Kawu ya ce, «Ɗan nan, kai da ka saba da tsani, hau ka duba mana indararo.» A wannan karon an samo dogo.

Soron ya zama tafki. Indararo ya toshe da leda da sheƙar tantabara. Na nannaɗe wando na nufi wajen, sai na ji ƙasa ta ba ni hanya. Ƙafata ta dama ta wuce har cinya. Azarar da ke ɗauke da rufin gara ta cinye cikinta tuntuni, ta bar ɓawo kamar gyaɗar da ɓera ya riga kowa, farin silin kuma ya rufa mata asiri. A ƙasa Hajiya na tsintar shinkafa, sai ga ƙafar mutum ta ɓullo daga sama tana lilo. Ta yi salati, ta kurma ihun ɓarawo, ta rarumi muciya. Daga baya ta ce tun bugun farko ta gane takalmina, sauran na kuɗin silin ne.

Kawu ya fito a guje, ya ɗare dakalin shayinsa don ya hango ni. Dakali ya yi wata 'yar ƙara, ya nutse da shi har ƙugu. Tsohon masai ne aka ɗora wa itace aka shafe da siminti. Allah ya taimaka ya daɗe da mutuwa, rabinsa toka ce da shara, sauran kuma ruwan daren jiya. Haka maƙwabta suka iske mu, ɗaya a sama ba ya iya sauka, ɗaya a ƙasa ba ya iya hawa. Suna jan Kawu suna jajantawa: «Ayya, Alhaji, ai masai ne tun na kakan mai gidan.» Kowa a layin ya sani. Babu dai wanda aka tambaya.

Da ya yi wanka ya canza riga, Kawu ya aika a kira Injiniya ya dawo masa da kuɗinsa. Yaron ya zo, ya yi jaje, ya nemi a ba shi rahoton, ya buɗe shafi na biyu ya miƙo mini. Na karanta da ƙarfi. Ruwa da wuta ba a gwada ba. Saman soro ba a gani ba. Azara na bayan silin, a cire kusurwa ɗaya a duba kafin a biya. Bangon gabas kaya sun rufe shi. Simintin waje in an ƙwanƙwasa yana amsawa, alamar ya rabu da ƙasa. Sabon dakali a tambayi dalilin yin sa. Shafi na uku kuma shawara ce a kira tsohon magini, in da hali a jira ruwan farko.

Kawu ya juyo ya dube ni. Na ce, «Kawu, kai ka ce gaisuwa ce.»

A ganina yaron ya yi aikinsa, ya ma yi fiye da kuɗin da aka ba shi. Inda nake ƙorafi da shi da duk 'yan sana'arsa shi ne tsarin takardar: sukan sa abin daɗi a gaba, su tura abin da zai ceci mutum baya, cikin harshen da mai biyan kuɗin ba ya karantawa. Da ya zaunar da Alhaji a zaure ya faɗa masa da Hausa cewa rabin gidan bai gani ba, da wataƙila an kashe wayar albasa.

Fushin Kawu ya sauka ranar 3 ga Satumba, da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwa. Unguwar da fadar Sarki tun 2006 suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO don neman shiga kayan tarihin duniya. A faɗin ƙasar ambaliyar ta kashe mutum fiye da 300 a shekarar. Kawu ya je ya ga tarin ƙasar, ya dawo bai ƙara zancen kai kowa kotu ba.

Aka tafi wajen malamin unguwa. Malam ya ce a mazhabar Malikiyya aibin gida kashi 3 ne: ƙarami wanda ba a komawa kansa, matsakaici wanda ake rage kuɗi gwargwadonsa, da babba wanda ake mayar da ciniki, irin tsagar da ake tsoron za ta kayar da gini. Sai dai a duba ko mai sayarwa ya sani ya ɓoye, ko kuma mai saye an gaya masa. Nan tsohon mai gida ya gyara zama ya ce, «Allah gafarta Malam, ina jin akwai wata takarda mai shafi na biyu.» Dillali ya riga ya ba shi labari. Aka yi sulhu: masai ha'inci ne, tsohon mai gida zai cike ramin ya sayi sabbin azara, bango kuwa Kawu ya ɗauki kayansa.

Tsohon maginin da aka kira bai zo da littafi ba, sai sanda. Ya fara da gaida maƙwabta, yana tambayar ina ruwan layi ke bi in an yi mamako. Ya ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne, ya soka ƙusa a kowace azara, ya murza ƙasar gindin gini ya sunsuna. Kawu ya ce, «Baba, da kai muka kira tun farko!» Tsoho ya ce da Afrilu aka kira shi, shi ma rabin wannan zai gani.

Ya rage ɗakin Hajiya. Ta riga ta jingina tata kabad ɗin da bangon gabas, ta mayar da kwanukanta jere har sama. Tsoho ya yi sallama ya roƙi a ɗan matsar. Hajiya ta ce kayanta sun sha wahalar da ta ishe su a bana, babu mai taɓa su.

Tsoho ya juyo gare ni. «Yaro, kai da ka yi lakkal, rubuta: wannan bangon ban gan shi ba.»

Kawu ya leƙo daga tsakar gida. «A shafin farko za ka sa.»