Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Porsche 911 GT3 RS, Kafin Ta Tako Kura

Ranki ya daɗe,

Da fatan kin kwana lafiya a ƙarƙashin mayafin da ake lulluɓe ki da shi. Ina rubuto miki ne daga Kura, kimanin kilomita 30 daga birnin Kano a kan hanyar Zariya. Labari ya iso majalisarmu cewa wani ɗan gata yana shirin kawo ki rakiyar ango wannan yanki namu idan rani ya kama. Ko gaskiya ne ko zancen teburin mai shayi ne, gara in riga ki da bayani, domin baƙon da ba a gaya wa halin gari ba, in ya yi tuntuɓe laifin masu gida ne.

Mun san asalinki, ba za mu raina ki ba. A Stuttgart ta ƙasar Jamus aka haɗa ki, a 2022 aka fito da ke gaban jama'a. Injinki mai silinda 6 yana can baya, inda mu muke ɗora buhu, yana da ƙarfin doki 525, yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya. Daga tsaye kina kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.2. A watan Oktoban 2022 Jörg Bergmeister ya zagaya da ke filin tsere na Nürburgring, kilomita 20.8 na kwanoni da hawa da gangara a cikin daji, cikin minti 6 da daƙiƙa 49. Na yi lissafi, da irin wannan gudu daga Na'ibawa zuwa Kura minti goma ne. Da na kai wa direbobin tasha wannan labari, ba wanda ya buɗe baki don mamaki. Wani dattijo daga cikinsu ya ce, "Malam, mutum nawa take ci?" Na ce biyu, har da direba. Sai aka koma hirar farashin taki.

Bari mu yi maganar fiffiken nan na bayanki, wanda ya ɗara rufinki tsawo, don shi ne abin da kowa zai fara nunawa da yatsa. Fiffiken jirgin sama yana ɗaga jirgi. Naki an kife shi, aikinsa ya danne ki ƙasa don kada taya ta saki kwalta a kan kwana. Masu ƙera ki sun ce a gudun kilomita 200 iska tana danne ki da nauyin kilo 409, a gudun 285 kuma kilo 860. A ma'auninmu wannan buhun shanshera takwas ne da rabi. Don a samu wannan nauyin aka cire but ɗinki na gaba aka dasa babban lagireto a wurin, kujerun baya kuwa dama ba ki da su. Kenan kina ɗaukar buhu takwas na iska, amma kwandon tumatir ɗaya ba shi da wurin zama a jikinki.

Kuma iskar nan ma ba kullum take zuwa aiki ba. In aka raba gudu biyu, danninta kashi huɗu yake rabuwa. A kilomita 100, iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta yarda wa ƙaramar mota a babban titi, abin da ya rage bai fi buhu ɗaya ba. A kilomita 50, gudun cikin gari, duk fiffiken nan da ramukan da aka huda a saman tayoyinki da ƙarafunan da aka feƙe a ƙarƙashinki ba su wuce rabin buhun taki ba. Giyarki bakwai ce, amma tun kafin ki ƙare ta uku kin riga kin karya doka. Wannan ita ce matsalarki a taƙaice, Hajiya. Duk baiwar da aka zuba miki barci take yi, ba ta farkawa sai a gudun da babu shi a ƙasarmu. Wahalarki kuwa idonta biyu tun daga bakin ƙofa.

Babban titin zai yaudare ki, shi ya sa nake jan kunnenki. Tun da kamfanin Julius Berger ya kama aikin hanyar Abuja zuwa Kano a 2018, ɓangarenmu ya yi sumul, ya miƙe. Da kin haye gadar Tamburawa kika ga kwalta shimfiɗe a gabanki, za ki ji kamar kin koma gida. Ba ki koma ba. A can Nürburgring kowa fuska ɗaya yake bi, akwai shingen ƙarfe, akwai masu ɗaga tuta su sanar da direba abin da ke bayan kwana. A nan titi hanya ce, kasuwa ce, mahayar shanu ce, kuma ƙofar gidan wani ce. A Karfi yara masu gasasshiyar masara za su yo kan tagarki da gudu, sai dai su sunkuya, don ba su saba sayar wa wanda ke zaune dab da ƙasa ba. Gaba kaɗan ga mai babur ya ɗauro injin ban ruwa da mesa a baya, yana tahowa ta hannunki, ba don neman rigima ba, sai don wurin juyawa ya yi masa nisa kuma ruwan da aka sako ba zai jira shi ba. Ga Bafulatani ya ɗaga sanda, garke yana hayewa, ɗan maraƙi na ƙarshe bai yanke shawara ba tukuna. Ga J5 ta lalace a tsakiyar hanya, alamar gargaɗinta ɗanyen ganye ne da aka jera a kan kwalta.

A gudun 200, kowace daƙiƙa mita 55 kike ci. Kafin idon direbanki ya gaya wa ƙafarsa abin da ya gani, kin wuce rabin filin ƙwallo. Na san za ki ce burkinki ba irin na kowa ba ne, kuma gaskiyarki. Amma in kika tsaya cak, tirelar da ke bin ki ba ta koyi wannan dabarar ba, tsawonki kuma bai kai mita ɗaya da rabi ba, direbanta na iya ɗauka inuwa ce.

Sai tudun rage gudu. Tsakaninki da ƙasa bai fi santimita 10 ba, tafin hannu kenan. Akan sa miki wani maɓalli da ke ɗaga hancinki kaɗan, an yi shi ne don ƙofar gareji a Turai. Tudun da za ki tarar a ƙauyukanmu da yawa mutanen gari ne suka gina da hannunsu, washegarin ranar da suka dawo daga maƙabarta. Ba injiniya ne ya auna tsawonsa ba, ɓacin rai ne. Za ki hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, masu Adaidaita Sahu suna danna miki oda, wani tsoho a kan keke ya wuce ki yana yi miki sannu. A wannan wurin ba zan ba ki haƙuri ba. Tudun yana da dalili, ke ce ba ki da shi.

To, duk wannan a kan kwalta muke. Gidan amarya ba lallai a bakin titi yake ba. In aka karya kwana aka nufi Bunkure, ko aka shiga cikin gonaki ta wajen Kadawa, kin shigo ainihin ƙasarmu. Ruwan da kike gani yana tafiya a hankali cikin kanal daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da rabonsa. Shi ya sa ake noma shinkafa da alkama da tumatir da albasa a nan lokacin da sauran wurare suka bushe. Hanyoyin da ke bin gefen kanal na jar ƙasa ne, an yi su don tarakta da akori-kura da amalanke. Tarakta ta bi su da damina ta bar kwari biyu da tudu a tsakiya, rana ta gasa su suka zama dutse. Wani ya yi ban ruwa cikin dare ya makara wajen toshe bakin fangali, ruwa ya malalo kan hanya. Tayoyinki na baya faɗinsu santimita 33 da rabi, kusan ba su da zane, an yi su ne su ɗauki zafi su manne wa busasshiyar kwalta. Zafi kam muna da shi, zo a watan Afrilu mu ba ki kyauta. Amma a kan taɓo wannan faɗin ba ya kama komai. Kanal kuma ba shi da shinge.

In ƙusa ta huda ki fa? Ba ki da safaya. Kowace taya noti ɗaya ne tak ke riƙe da ita a tsakiya, mai buƙatar sifana ta musamman mai tsawon hannun mutum. Mai facinmu gwani ne, ya taɓa ɗinke tayar tarakta da igiya ta kai gida, amma zai zagaya ki, ya tsuguna, ya tashi, ya ce Allah ya kawo mafita. Ƙofofinki da rufinki da murfin gabanki ba ƙarfe ba ne, wani saƙaƙƙen zaren kabon ne da aka daskarar. Ba ya lotsewa balle a buga ya miƙe, tsagewa yake yi, don haka hamar fanel bita ba ta da aiki a jikinki. Cikinki fetur mai lamba 98 yake so, wanda ake sayarwa a gidajen manmu bai kai nan ba, na 'yan bumburutu kuwa kada ma ki tambayi lambarsa. Kuma tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, manomin da ke auna lita don injin ban ruwa ba zai ji daɗin ganin kina ƙona rabin galan wajen ɗumama murya ba. In kuwa kika faɗo lokacin casa, babban lagireton nan da ke shan iska dab da ƙasa zai ƙoshi da ƙaiƙayi.

Ango ma ina tausaya masa. Kujerarki kwarmi ce mai tauri, an yi ta don ta riƙe haƙarƙarin mai tsere. Mutum ya sha babbar riga ta shadda, an buga ta ta tsaya, ga hula, ga ƙila rawani, a ce ya naɗe kansa ya shiga ramin nan. Shiga dai da taimakon abokai za a yi. Fita kuwa, gara masu hoto su juya baya. A kan sitiyarinki akwai maɓallai huɗu na murɗawa, da su ake daidaita taurin shokozoba gaba da baya. Na duba, babu na rami a cikinsu. Duk tsakuwar da kika taka sai ƙugun ango ya san girmanta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gidanku ba baƙon Afirka ba ne. A 1984 wata yayarki, 911 da aka ɗaga ƙafafunta aka sa mata jan taya huɗu, ta lashe tseren Paris zuwa Dakar a hannun René Metge, ta ratsa hamadar Nijar ba ta nemi kwalta ba. A 1986 wata mai lamba 959 ta maimaita. Ko a 2022 da aka haife ki, an fitar da 911 Dakar guda 2,500, doguwar ƙafa, taya mai zane. Da ita aka turo, da wasiƙar nan ba ta wuce shafi ɗaya ba. Mu ma mun san motar tsere, ba yau muka fara gani ba. Peugeot 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna, kuma irinta ce ta yi shekaru tana jigilar mutum da buhu da akuya tsakanin Kano da Zariya. Ta ci kofi, ta ci lodi.

Tsere ma muna yi, in tsere kike nema. Je Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya faɗo, ki ga ana ɗaure kwanduna a kan manyan motoci za a nufi kasuwar Mile 12 ta Legas, kimanin kilomita 1,000. Abokin karawarsu ruɓewa ce, ita kuma ba ta tsayawa shan mai, ba ta tsayawa a shinge. Direban da ya makara kwana ɗaya ya sauke wa mai kaya ruwa a madadin tumatir. Ba ina yabon wannan gudun ba ne, shi ma ya mayar da mata da yawa zawarawa. Sai dai shi an san abin da ake gudu a kai. Naki kuwa, in aka yi shi a titin Kura, ba kofi a ƙarshensa, sai tafin abokan ango da tsinuwar masu tsallaka titi.

In dai zuwan ya zama dole, ga sharuɗɗanmu. A ɗoro ki a bayan babbar mota, a sauke ki a ƙofar gidan ango inda aka share aka yayyafa ruwa. A bar ki ki yi kuka sau ɗaya mu ji wannan 9,000 ɗin da ake faɗa, don ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina son ji, amma ba bayan isha'i ba, kuma ba kusa da turken shanu ba. Ki gaya wa direbanki wasan mota da akan yi a wasu bukukuwan birni, a riƙa juyi ana ta da ƙura cikin taro, a nan ba mu da filinsa, yaranmu ba sa matsawa. Sannan a sa mutum ɗaya tsayayye ya tsare fiffiken nan, domin faɗinsa da tsawonsa daidai shanyar kuɓewa ne, kuma akwai gwaggon amarya da ba ta neman izini.

Ki gaida mutanen Stuttgart. Ki ce musu in suna da ragowar tunani bayan sun gama da iska, muna neman injin ban ruwa da ba ya shan mai da yawa.

Naki cikin girmamawa,
Wani manomin rani,
Kura, Jihar Kano.