Kayan Kyauta Ya Shigo Majalisa

Mu mutanen nan, daga Kura zuwa Bunkure har Garun Malam, ba ma jefar da kwamfuta. Laftof ɗin da ke gidajenmu yawanci ta hannu ce, ta gama bauta a wani ofis a Turai kafin ta sauka a Beirut Road ko Farm Centre, daga nan uba ya sayo wa ɗansa bayan an sayar da shinkafar rani. Baturinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da sola ko janareta, kuma an lulluɓe ta da tsohon ɗankwali saboda ƙura. In ta fara nauyi, maganinmu ɗaya ne, a kai ta a yi mata fomatin. Mai gyara ya zuba Windows, ya zuba Office, ya ƙara da CorelDRAW ko ba a tambaye shi ba. Zancen lasisi bai taɓa haɗa mu da kowa ba. A iya saninmu, kuɗin Windows shi ne ladan mai gyara.

Sai ga labari cewa Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamar yadda ta yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Ita kuwa Windows 11 ba kowace kwamfuta take yarda ta shiga ba, sai mai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda da yawa daga cikin tsofaffin namu ba su da shi. Wannan bai hana kowa barci ba, don har gobe akwai shagon da ke buga takardu da Windows 7. Amma 'yan makaranta sun samu abin faɗa.

Wani yaron maƙwabtanmu da ke karatu a jami'ar Wudil shi ya kawo wata sabuwar manhaja majalisa bayan la'asar, a cikin filash. Ya cusa a laftof ɗin kawunsa, ya kunna, ya danna wani maɓalli da sauri, sai ga wata sabuwar fuska ta bayyana, Linux Mint. Ya rantse bai taɓa komai na ciki ba, daga filash ɗin take tashi, in an zare shi komai ya koma yadda yake. Kawun dai bai ɗauke idonsa daga allon ba, don a ciki lissafin kwandunan tumatirin da ya kai Kwanar Gafan yake.

"Nawa ake sayar da ita?"

"Kyauta ce, Kawu."

"To me ya lalace a jikinta?"

Halinmu ke nan. Wadda aka kwafo ta bayan fage mun yarda da ita ido rufe, wadda masu ita suka ce a ɗauka halak malak ita muke wa kallon tuhuma. Yaron ya yi ta bayani: wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux a 1991, ya sake ta da sharaɗin kowa na iya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Wani attajirin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu a 2004, kuma a kanta aka gina Mint. Da ya ce wayoyin Android da ke aljihunmu ma a kan Linux aka ɗora su, wani Alhaji ya zaro Tecno ɗinsa ya jujjuya ta, yana neman inda aka rubuta.

Wani dattijon manomi ne ya warware mana. Ya ce shi ya gane, ai irin tumatir ne. Akwai na leda mai tsada, wanda ko ka matse 'ya'yansa ka shanya ba zai ba ka irin amfanin bara ba, dole ka koma shago. Akwai kuma irin su UC, da za ka cire iri da hannunka, ka ajiye, ka sam wa maƙwabci. "Ka ce mana irin gida ne, yaro, ka huta da Turanci."

Daga nan ta fara zagaya gidaje. Sauke ta daga intanet kan ci wajen giga uku, don haka sau ɗaya aka yi da datar tsakar dare, sai filash ya shiga aro. Sakataren ƙungiyar masu amfani da ruwa, mai rubuta wanda ya biya kuɗin ruwan da ke gangaro mana daga madatsar Tiga da wanda ke ta cewa sai an girbe, ya ga LibreOffice ta buɗe masa jadawalinsa tsaf, ya ce shi ba shi da ƙorafi. Wani malamin firamare ya gano akwai tsarin kibod na Hausa a ciki, ƙ da ɗ da ɓ suna fita ba sai ya je ya kwafo su daga wata tsohuwar takarda ba, ya kwana biyu yana nuna wa duk wanda ya tsaya. Abin da ya fi saye zuciyar jama'a kuwa shi ne bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli a filash ya bar maka hotunansu na bogi. A Linux ba ya motsi, fayilolin na nan a fili, sai ka kwashe abinka ka goge shi. Kafin hutu ya ƙare yaron ya zama likitan filash na unguwa, ba ko sisi.

Mai shagon buga katin biki da fastar 'yan siyasa kam ko kusa. CorelDRAW ba ta aiki a kai, kuma da aka nuna masa Inkscape ya ce ba zai koma aji ɗaya ba ga lokacin bukukuwa ya ƙarato. Yana da gaskiyarsa. Wata ɗaliba ma ta kai aikin da ta yi a Linux a buga a wata kwamfutar, shafuka suka zame, tebur ya tsallaka gaba. Wata laftof ɗin kuma ta ƙi ganin wayifai sai an sauko mata da wata 'yar manhaja, wadda ba a samu sai da intanet, sai da aka jona mata waya da igiya.

Shi ya sa mafi yawanmu suka ƙi sakin reshe su kama ganye, aka raba cikin kwamfutar biyu, Windows gefe, Linux gefe, in an kunna a zaɓa. Babbar fargabar ita ce wa zai duba ta in yaron ya koma Wudil. Ya bar mana lambarsa da filash ɗin, ya ce a riƙe da kyau.

Wani suruki daga Bunkure ya are shi, ya ce kwana biyu. Ya daɗe kafin ya dawo da shi, kuma da aka cusa ba Linux ba alamarta, finafinan Indiya ne na fassara cike fal. Ya ce yaransa sun duba ba su ga abin kallo a ciki ba, shi ne suka kai aka zuba musu.