Ku Bar Mai Walda Ya Huta

Na san halinku. Ina ambaton magagari kun fara taɓe baki, wai a zamanin nan wa zai zauna yana bin haƙoran sarƙar injin yankan itace ɗaya bayan ɗaya, ga mai walda a bakin titi, minti biyar ya gama. To, a sauka lafiya. Zai ɗora mata faifan gurzar ƙarfe, tartsatsi na tashi kuna murna. In ya miƙo muku, ku dubi bakin haƙorin. Ya yi shuɗi-shuɗi? Zafi ya ɓata ƙarfen ke nan, ga shi an cinye muku haƙoran da kuka saya da kuɗinku. Sauri ya haifi nawa.

Akwai injin wasa sarƙa na ainihi, mai riƙe ta daidai kusurwa, kuma in sarƙa ta ci ƙusa ko dutse shi ne maganinta. Sai dai ku gaya mini inda za ku jona shi a tsakiyar daji.

Ga wani can yana rantsuwa ya gwada magagari bai ga komai ba. Malam, wanne ka saya? Wanda hannun mai shago ya fara kaiwa, ko? Magagarin nan mulmulalle ne, kuma kowace sarƙa da nata. Babban Stihl 070 da masu tsaga katako ke ji da shi, sarƙarsa .404 ce, tana son mai kaurin milimita 5.5. Mai lamba .325 tana son 4.8, ƙananan injina na sassabe kuwa milimita 4. Lambar tana nan a jikin dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa, ka goge baƙin mai ka karanta. In magagarin ya yi siriri, bakin haƙori zai yi ƙugiya ya dakushe nan da nan. In ya yi kauri, ka yini kana gurza, injin na ta zubo gari maimakon ɓarzajen itace.

Ka haɗa da mariƙinsa, ɗan ƙarfen nan mai zanen digiri 30. Na ji ka, wai idonka ya isa. To me ya sa yankanka ke karkata gefe guda? Hannunka ya fi ƙarfi ta ɓangare ɗaya, haƙoran can sun fi na nan gajarta. Turawa gaba kawai ake yi, daga ciki zuwa waje, kuma in wannan haƙorin ya sha gurza uku, ɗan'uwansa ma uku. Mai tsaga katako a tsawonsa, shi wajen digiri 10 yake bi.

Sai ɗan tozon da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo. Da shimfiɗaɗɗen magagari ake rage shi, a yawancin sarƙoƙi ya zauna kimanin milimita 0.65 ƙasa da bakin haƙorin. Gwanayen da ke share shi ƙarƙaf don injin ya ci da sauri, ranar da ya yi tutsu ya dawo musu fuska, kada a ce ban faɗa ba.

Kirya ba ta wasa da sarƙa, yashin da ke maƙale a ɓawon itace ma haka. Duk sanda ka tsaya zuba mai, ka ɗan bi haƙoran. Ba lokaci, ka ce? Ɗazu fa na gan ka wurin mai shayi.